Babur A Cikin Ambaliya: Tafiya Daga Lakwaja Zuwa Koton Ƙarfe

Duk matafiyin da ya taɓa bin hanyar mota daga Abuja zuwa kudu, ko daga kudu zuwa arewa, da wuya a ce bai san Lakwaja ba. Nan ne direbobi kan tsaya su huta, fasinjoji su miƙe ƙafa, su yi salla, su ci soyayyen kifi kafin a ci gaba da tafiya. Nan ne kuma manyan kogunan ƙasar nan guda biyu, watau Kwara da Binuwai, suka gamu, suka zama ɗaya, sa'an nan suka gangara teku. Wannan gamuwa ita ce arzikin garin tun asali, ita ce kuma jarrabawarsa, domin a shekarar da damina ta yi ƙarfi, ruwan da aka zuba a ƙasar Sakkwato da wanda aka zuba a tsaunukan Adamawa duk a ƙofar Lakwaja suke haɗuwa.

Haka ta faru a 2012, haka kuma ta sake faruwa a 2022. Ga labarin yadda wani mai babur ya ratsa wannan ruwa a watan Oktoba na 2022, da abin da ya sami babur ɗinsa, da kuma yadda aka ceto shi.

Garin mahaɗa

Wanda ya hau Dutsen Patti da hantsi zai ga Lakwaja a shimfiɗe ƙarƙashinsa, ta miƙe siririya tsakanin gindin dutse da bakin kogi. Daga can sama ana ganin Kwara tana gangarowa daga arewa, Binuwai tana shigowa daga gabas, kowanne da launin ruwansa, sai sun yi 'yar tafiya tare kafin su gauraya. Da rani tsibiran yashi kan fito a tsakiya, masunta su kafa bukkoki a kansu. Da kaka kuwa, in ruwa ya cika, ba a ganin komai sai fili guda na ruwa, da kawunan itatuwa jefi-jefi.

Garin yana da tsohon tarihi da mutanen Arewa. Wajen 1860 wani Bature, Dokta Baikie, ya kafa zangon ciniki a nan da yardar Etsu Nupe Masaba. Ran 1 ga Janairu, 1900, a nan aka sauke tutar Kamfanin Neja aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya kama mulkin Arewa, kafin hedkwata ta koma Jebba, daga nan ta koma Zungeru a 1902. Nan ne kuma Turawa suka riƙa kawo sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a Lakwaja ya rasu a 1924, Sarkin Kano Alu Babba kuma a 1926, kaburburan irin waɗannan sarakuna suna unguwar Kabawa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kogi a 1991 Lakwaja ce babban birninta. Oworo, da Nufawa, da Kakanda, da Bassa Nge, da Igbira, da Igala, da Yarbawa, da Hausawa duk suna zaune tare, kuma baƙon da ba ya jin kome sai Hausa ba zai kwana da yunwa a kasuwar garin ba.

Inda ruwan ke fitowa

Kogin Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, tsawonsa ya zarce kilomita 4,000. Bayan ya shigo Nijeriya sai kogin Sakkwato, da na Kaduna, da Gurara su zuba a cikinsa. A kansa aka gina madatsar Kainji da aka gama a 1968, da ta Jebba, a kan kogin Kaduna kuma akwai ta Shiroro. In waɗannan madatsu suka cika, tilas a buɗe ƙofofinsu don kada su ɓalle. Binuwai kuwa daga ƙasar Kamaru ya fito, ya yi tafiyar kilomita wajen 1,400, yana karɓar Gongola, da Taraba, da Donga, da Katsina-Ala a hanya. A kansa, kusa da Garwa, Kamaru ta gina madatsar Lagdo wadda aka gama a 1982. An shirya tun a wancan zamani Nijeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa, cikin ƙasar Adamawa, don ta riƙa tare rarar ruwan da aka sako, amma har ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba.

Jama'a sun saba ɗora laifin kowace ambaliya a kan Lagdo. Gaskiya ne an saki ruwanta a watan Satumba na 2012 da na 2022, amma ministan albarkatun ruwa na 2022, Injiniya Suleiman Adamu, ya bayyana cewa mafi yawan ruwan daga saman da aka yi a cikin ƙasar nan ya fito. Ko ma daga ina ya fito, a Lakwaja aka auna shi. A ƙarshen Satumba na 2012 ma'aunin kogi ya nuna mita 12.84, a farkon Oktoba na 2022 kuwa ya kai mita 13.22. Ambaliyar 2012 ta ci rayuka 363 a ƙasa baki ɗaya, ta raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta ci rayuka fiye da 600. A cikin Lakwaja hanyar Ganaja ta koma hanyar kwalekwale, a wajejen Koton Ƙarfe kuma ruwa ya hau babbar hanya, tankokin mai suka maƙale, har Abuja ta shiga ƙarancin fetur.

Dalilin tafiya

A cikin masu sana'ar acaɓa a Lakwaja akwai wani magidanci, Bahaushe, wanda iyalinsa ke zaune a wani zango gaba da Koton Ƙarfe. Babur ɗin da yake hawa ƙirar Boxer ne, kuma ba nasa ba ne tukuna. Wani ɗan kasuwa ne ya saya ya ba shi bisa sharaɗin ya riƙa biya kowane mako, ran da kuɗi suka cika babur ya zama nasa, in kuwa ya lalace kafin nan, gyara a wuyansa yake. 'Yan makonni kaɗan suka rage ya gama biya sa'ad da aka aiko masa cewa maiɗakinsa ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji. Ya yi ta jiran ruwa ya janye, ruwa bai janye ba, har ya zama gobe suna. Kuɗin rago ya riga ya aika, abin da ya rage a aljihunsa bai taka kara ya karya ba.

Bayan sallar asuba ya ɗaure rabin buhun shinkafa, da ƙullin goro, da turmin atamfa a bayan babur, ya nannaɗe su da leda, ya kama hanya. Ya wuce Felele, ya wuce Banda, inda ruwa ya cinye hanya a 2012. Dama da hagu gonakin shinkafa da na rogo sun nutse, sai kan masara da ke leƙowa. Mutanen ƙauyuka sun kwashe kayansu sun dawo bakin kwalta, sun kafa rumfunan tamfol, awaki na ɗaure a jikin ƙarfen gefen hanya, mata na dafa abinci a kan duwatsu uku. Tun kafin ya isa gadar Murtala Muhammed da ke Jamata ya fara cin karo da layin manyan motoci: tireloli, da tankokin mai, da motocin shanu, da na tumatir da albasa waɗanda warinsu ya riga ya cika iska. Wasu direbobin sun kwana uku a wurin, sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba, ran nan sai da hantsi ya dubi ludayi kafin ya ratsa layin ya tsallake gada.

Bakin ruwa

Inda kwalta ta ɓace cikin ruwa, nan ya tarar da kasuwa ta ci. Masu shayi, da masu tallar burodi, da masu kwalekwale suna ta kiran fasinja. Kwalekwalen har babur yana ɗauka, a kwantar da shi a tsakiya, mai shi ya riƙe. Ya tambayi kuɗin fito, aka faɗa masa, ya ga in ya biya babu abin da zai shiga gida da shi. Ya koma gefe ya kashe inji, ya zauna yana kallon masu ratsawa.

Wani tsohon direban tirela da ke shan shayi kusa da shi ya dube shi ya ce, "Ƙanena, na ga idonka yana kan ruwan nan. In ka ƙudura sai ka shiga, to, kada ka shiga da zafin inji, kuma kada ka shiga inda ƙafarka ba ta taka ba. Kwana biyu ina zaune nan, na ga waɗanda suka fita, na ga waɗanda aka fitar."

Ya ce, "Yaya, ina jinka."

Shawarar direban nan tana da tushe, mai karatu. Ruwan ambaliya ja ne, ba a ganin ƙasansa, kuma yakan zaizaye gefen kwalta, ya haƙa rami inda jiya babu. Ban da haka yana da nauyi: ruwan da zai cika akwati mai tsawo da faɗi da zurfin mita 1, nauyinsa kilo 1,000 ne. Masana harkar ambaliya sun ƙiyasta cewa ruwa mai gudu, ko zurfinsa bai wuce inci 6 ba, yana iya kayar da babban mutum. Ƙafa 1 tana iya ɗaga ƙaramar mota. Ƙafa 2 kuwa tana tafiya da yawancin motoci. To, ina ga babur, wanda bai fi nauyin mutum biyu ba, kuma a kan taya biyu yake tsaye?

Sai ya kwance kayansa, ya naɗe wando, ya ari sanda, ya ɗora shinkafa a ka, ya shiga da ƙafa yana dogarawa. Ya bi tsakiyar hanya, inda kwalta ta fi tudu. Ya lura ruwan kashi biyu ne, da ɗan tsibirin busasshiyar kwalta a tsakani. Kashin farko bai wuce ƙwauri ba, kuma a kwance yake. Kashi na biyu ya fi tsawo, a tsakiyarsa ruwa ya taɓa gwiwa, yana kuma jan ƙafa zuwa hagu. Ya ajiye kayan wurin wani mai shayi a ƙetare, ya komo. Kafin nan inji ya huce. Ya sami ɗan giris ya shafe bakin hular fulogi, ya duba inda babur ke shaƙar iska, a ƙarƙashin sirdi, ya gwada tsayin wurin da cinyarsa, ya ga ya ɗara gwiwa da kamar taƙi ɗaya. A nan lissafinsa ya tsaya, ya ce zai wuce.

Cikin ruwa

Ya yi bisimilla ya tayar da babur, ya sa giya ta ɗaya. Ƙa'idar ratsa ruwa ke nan: giya ta ɗaya, totur a riƙe daidai ba ƙari ba ragi, in ana son rage gudu a ɗan matsa kuloci maimakon a saki totur. Muddin inji na hura hayaƙi, ruwa ba ya samun hanyar shiga ta salansa, amma da zarar an saki totur ko an tsaya canja giya, sai ya sami ƙofa. Gudu kuma ba shi da amfani, domin tayar gaba za ta tara ruwa ta watso shi kan inji. Kashin farko ya wuce lafiya, salansa na ta ɓulɓula a baya, ƙafafunsa na sauke kusa da ƙasa. Ya tsaya a tsibirin kwalta, ya numfasa, ya shiga na biyu.

Ya kai tsakiya, ruwa ya rufe cibiyar taya, ya hau kan inji, yana jin babur na son karkata hagu, yana tanƙwaro shi. Saura kaɗan ya fita daga wuri mai zurfi sai ga wata tifa ta shigo daga gaba, tana ture ruwa da ƙirjinta. Abin da bai sa cikin lissafi ba ke nan. Ya auna ruwa a kwance, bai auna igiyar da babbar mota ke tayarwa ba. Igiyar ta zo ta buge shi har ƙugu, ta haye sirdi, babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya dira da sauri ta ɓangaren da ruwa ke fitowa, don kada babur ya faɗo masa a ƙafa, ya riƙe kai da ƙarfi. Da igiyar ta lafa, sai ya ɗaga ƙafa ya ɗora kan kik, kamar yadda kowane mai babur kan yi ba tare da tunani ba.

Sai ya ji an daka masa tsawa daga ƙetare: "Kai, ɗan samari! Sauke ƙafarka! Turo shi, kada ka buga!"

Wasu samari biyu suka shigo suka kama masa, aka cire giya, aka turo babur har tudu.

Ƙarƙashin mangwaro

Mai tsawar wani dattijon bakanike ne, Banufe, wanda ruwa ya cinye rumfarsa, ya kwaso akwatin sifanu ya dawo ƙarƙashin wani mangwaro a bakin hanya tare da yaransa biyu. Babura huɗu na jingine a wurin, duk ruwa ya kashe su.

Mai babur ya gaishe shi, ya ce, "Baba, gobe sunan ɗana, kuma babur ɗin nan ban gama biyansa ba."

Dattijo ya ce, "To, ka gode Allah da ka ji magana. Dubi wancan jan. Mai shi ya buga ya buga bai tashi ba, abokansa suka sa shi a giya suka tura shi da gudu. Yanzu sandar fistin ta lanƙwashe, sai an buɗe inji gaba ɗaya."

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Inji iska yake shaƙa, ya gauraya ta da fetur, fistin ya matse su, fulogi ya ba da wuta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. A ƙaramin inji irin na Boxer, ɗan sararin da ke ragewa a saman fistin in ya kai ƙarshen hawansa bai fi cikin babban cokali ba. In ruwan da ya fi haka ya shiga, fistin zai taho ya tarar da abin da ba ya ja da baya, sai ƙarfin ya koma kan sandar da ke tura shi, ta lanƙwashe ko ta karye. Ko da bugun kik bai kai ga haka ba, kowane bugu yana ƙara zuƙo ruwan da ke kwance a akwatin iska zuwa cikin inji.

Dattijo ya fara da rufe makunnin fetur, ya kashe makulli. Ya buɗe akwatin matatar iska, ruwa ya zubo kamar rabin kofi, soson da ke ciki ya jiƙe sharkaf da laka. Ya ba yaro ya wanke shi da kananzir, ya matse, ya shanya a rana. Ya kwance fulogi, ya nuna wa mai babur ɗigon ruwa a bakinsa. Sa'an nan yaran suka ɗaga tayar gaba sama har babur ya tsaya a kan tayar baya, jan ruwa ya kwararo daga salansa. Da aka sauke shi, sai ya taka kik a hankali da hannu, ramin fulogi na buɗe, ruwa ya yi tsartuwa ya fito. Ya yi ta maimaitawa har ya zama iska kaɗai ke fita. Ya saurara da kyau, ya ce kik na tafiya sumul, ba ya cijewa a ko'ina, alamar sanda ba ta taɓu ba. Ya ɗiga ɗan man inji a ramin, ya sake takawa don ya shafe bangon da fistin ke bi.

Daga nan ya koma kan kafireta. A ƙarƙashinta akwai ɗan kwano inda fetur ke taruwa, da ƙaramin noti na zubarwa. Ya kwance shi ya tara kwalba, abin da ya fito ya rabu biyu: fetur a sama, ruwa a ƙasa, domin ruwa ya fi fetur nauyi. Saboda wannan dalili ne ya zare robar da ke kawo mai daga tanki, ya tsiyayi kaɗan a wata kwalbar ya ɗaga ta a rana. Tanki bai sha ruwa ba, murfinsa ya riƙe. Ya busa ƙananan robobin da ke rataye ƙarƙashin kafireta, ya ce su kansu in suka nutse suna iya kashe inji ko ruwa bai shiga ko'ina ba.

Sai aka zo kan man inji. Ya zaro ma'auni, maimakon baƙi ko ruwan zuma, sai ga shi ya koma kamar shayi da madara. Dattijo ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne mai kashe babur a ɓoye. Zai tashi, ka yi murna, ka yi mako kana hawa, sa'an nan inji ya fara ƙara." Man da ya gauraya da ruwa ba ya riƙe ƙarfe, ga kuma yashi mai laushi da ruwan ambaliya ke ɗauke da shi, wanda ke cin boris da zoben fistin kamar ana goga su da dutse. Aka kwance notin ƙasa aka zubar da shi duka, aka jijjiga babur don ragowar ta fita. Cikin injin bai fi lita 1 ba. Aka zuba mai mai araha, aka mayar da busasshen soso bayan an ɗan shafa masa mai, aka goge fulogi da hularsa, aka busar da mahaɗan wayoyi da kan batir. Bugu na huɗu babur ya kama, farin tururi ya yi ta fita daga salansa. Aka bar shi yana aiki a tsaye minti kaɗan, aka kashe, aka sake zubar da man, wanda har yanzu da sauran fari a jikinsa, sa'an nan aka zuba mai kyau.

Mai babur ya zaci an gama, dattijo ya ce da saura. Ya ɗaga babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya juya tayoyi yana saurare, ya girgiza su gefe da gefe. Ya wanke sarƙa da kananzir, ya shafa mata mai. Ya ɗiga mai a wayar kuloci da ta birki da ta totur. Ya gwada fitila da ham. Game da birki ya gargaɗe shi cewa irin na cikin kwano ne, in ya jiƙe ba ya kamawa, saboda haka ya tafi a hankali yana ɗan taka shi har zafi ya busar da shi, kada ya yarda da shi sai ya ji ya dawo daidai. Ya ƙara da cewa bayan kwana biyu ko uku ya sake duba launin mai, in ya ga fari ya sake canjawa, ya kuma sa a buɗe tayoyi a wanke kwanon birki, a cusa sabon giris a boris, domin tsatsa ba ta nuna kanta ran farko. Daga ƙarshe ya dubi ƙafar mai babur, ya ga ƙarfe ya yanke shi a ƙwauri, ya sa yaro ya kawo ruwa mai tsabta da sabulu, ya ce ruwan nan ya bi ta masai da juji kafin ya iso nan, ya nuna ciwon a asibiti in ya isa.

Da aka yi lissafin mai na zubi biyu, da kananzir, da ladan aiki, sai kuɗin suka zarce abin da masu kwalekwale suka nema da safe. Mai babur ya juye aljihunsa bai cika ba. Dattijo ya karɓi kuɗin mai, ya ce na aiki ya kawo in ya dawo. Mai babur ya kwance ƙullin goro ya ba shi goma, ya yi godiya.

Isa gida

La'asar sakaliya ya ɗauki kayansa wurin mai shayi, ya ratsa Koton Ƙarfe, garin Igbira Koto, inda makarantu suka cika da waɗanda ruwa ya kora. Ya isa zango ana kiran magariba. Shinkafa ba ta jiƙe ba, atamfa ma haka. Washegari aka raɗa suna. Ran da zai koma kuwa bai yi gardama da kowa ba, ya ranci kuɗi wurin surukinsa, ya kwantar da babur a cikin kwalekwale, ya biya dattijo bashinsa, ya sa aka buɗe tayoyin kamar yadda aka umurce shi. A boris ɗin tayar baya an tarar giris ya koma laka. Ya gama biyan babur bayan lokacin da aka yanka da mako biyu.

Abin lura

Jama'a, wannan magidanci ya yi yawancin abin da ya kamata: ya jira inji ya huce, ya taka ruwan da ƙafa, ya raba kaya da babur, ya riƙe giya ɗaya. Duk da haka mota guda ta rushe lissafinsa, kuma da igiyar ta same shi a gefen kwalta, da ba zancen inji ake yi ba. Saboda haka in akwai kwalekwale mai lafiya, ko wata hanya ko da ta fi nisa, ko halin jira, su ne gaba. In ruwa na gudu, ko ya wuce cibiyar taya, ko dare ya yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa tilas ta sa an shiga, a jira manyan motoci su wuce tukuna. In babur ya mutu a ciki, kada a buga, kada a tura shi a giya. A fitar da shi, a cire fulogi, a duba iska, da fetur, da mai, da birki, kafin a nemi ya tashi.

Ga hukuma kuma, hanyar nan ita ce jijiyar da ta haɗa Abuja da kudu, tsawonta daga Lakwaja kusan kilomita 200. Ruwa ya yanke ta a 2012, ya sake yanke ta bayan shekara 10, a kusan wurare guda. Ɗaga kwalta a inda take kwari, da faɗaɗa magudanai, da yashe koguna, da gina madatsar da za ta riƙe rarar Binuwai, duk ayyuka ne na rani, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko sanduna masu alamar zurfi da aka kafa a gefen hanya, da ma'aikacin da zai hana babbar mota shiga sa'ad da ƙanana ke ciki, za su ceci dukiya da rayuka masu yawa. Kwara da Binuwai ba za su fasa haɗuwa a Lakwaja ba. Allah ya kiyaye matafiya, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri, amin.